Tarihin Wanke Hanci da Ruwan Gishiri, daga Zaren Masu Yoga zuwa Maganin Murar Alaji

Wanke hanci da ruwan gishiri, wato zuba ruwa mai ɗumi da aka narkar da gishiri a cikinsa ta kafar hanci ɗaya har ya kewaya ya fito ta ɗayar, yana cikin hanyoyin da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suke ba masu murar alaji shawarar bi a wannan zamani. Murar alaji ita ce murar da ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, domin jiki ne da kansa yake ɗaukar abin da ba ya cutarwa, kamar ƙurar fure ko ƙurar ɗaki ko gashin kyanwa, a matsayin abokin gaba, sai ya tayar da atishawa a jere da ƙaiƙayin hanci da ido da zubar tsinkakkiyar majina da toshewar hanci. Masu sayar da kayan wankin sun saba tallata shi da cewa magani ne mai shekaru dubbai, sai dai rubuce-rubucen da suka iso hannu ba su goyi bayan wannan magana gaba ɗaya ba. Shigar da ruwa cikin hanci tsohuwar al'ada ce, babu shakka, amma sanin yawan gishirin da hanci ke jurewa ya zo ne a ƙarni na 19, shi kuwa ciwon da ake son magancewa ba a gama gane yadda yake tashi ba sai a shekarun 1960, saboda haka mutanen da suka wanke hancinsu a zamunna daban-daban ba abu ɗaya suke nema ba.

A ƙasar Indiya, inda aka fi danganta asalin al'adar, tsofaffin littattafan likitancin Ayurveda, irin su na Charaka da na Sushruta, sun yi bayanin wata hanya da ake kira nasya, wadda ita ce ɗura magani ta hanci domin ya isa kai. Abin da ake ɗurawa kuwa mai ne ko man shanu da aka dafa da ganyaye, ko garin saiwa da ake hurawa, ko hayaƙi, kuma manufar ita ce a sauko da abin da aka yi imani ya taru a kai, saboda haka nasya ta fi kusa da shaƙen magani fiye da wanki. Wanki na zahiri ya bayyana ne a littattafan hatha yoga, wato reshen yoga da ya dogara da horar da jiki da numfashi. Littafin Hatha Yoga Pradipika na Svatmarama, wanda aka rubuta a ƙarni na 15, ya lissafa ayyuka shida na tsabtace jiki, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne neti, amma netin da ya bayyana da zare ake yin sa: a sami zare mai laushi da tsawonsa ya kai kimanin taƙi ɗaya, a cusa shi ta hanci a jawo shi ta baki. Littafin Gheranda Samhita, wanda ya zo bayansa da kusan shekara 200, shi ma ya kawo netin zare, sannan ya ƙara da shaƙar ruwa ta hanci a fitar ta baki, da kuma akasin haka. Babu ma'aunin gishiri a waɗannan bayanai, kuma abin da marubutan suke nema shi ne buɗe hanyoyin numfashi da rage majina domin almajiri ya iya riƙe numfashinsa a lokacin horo, tare da alƙawarin kaifin gani da kawar da cututtukan kai.

A duniyar Musulunci kuwa shigar da ruwa cikin hanci ya zama aikin yau da kullum ta hanyar alwala tun ƙarni na 7. Shaƙa ruwa da fyacewa suna cikin sunnonin alwala a mazhabar Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala a makarantar zaure ya sani, a wurin Hambaliyya kuwa shaƙa ruwa wajibi ne, kuma malaman fiƙihu sun so a kai matuƙa wajen shaƙar idan mutum ba ya azumi. Da wuya a sami wata al'ada da ta sa mutane masu yawa haka suke kurkure hanci sau da dama a kowace rana, ko da yake ibada ce manufarta, kuma ruwan ba ya ƙetarawa daga kafa zuwa kafa kamar yadda yake yi a wankin likita. Likitocin Musulmi na da suna da nasu shaƙen magani da suke kira sa'uɗ, kuma ɗaya daga cikinsu, Abubakar Ar-Razi, mutumin birnin Rayy a Farisa wanda ya rasu a kusan shekarar 925, ya rubuta wata gajeriyar risala a kan murar da ke kama wasu mutane duk shekara a lokacin da wardi ke fure, wadda masana tarihin likitanci suke lissafawa cikin bayanai na farko a kan murar alaji.

Abin da ya hana likitocin zamanin da ɗaukar hanci a matsayin wurin ciwon shi ne ra'ayin da suka gada daga Jalinus, likitan nan Bagirke na ƙarni na 2, cewa majina a ƙwaƙwalwa ake yin ta, sannan ta tsiyayo ta cikin wani ƙashi mai ƙananan huji da ke rufin hanci. A bisa wannan fahimta hanci magudana ce kawai, kuma mai mura kansa ne ya cika, don haka maganin shi ne a sa shi atishawa ko a jawo majinar ƙasa. Ra'ayin ya rayu sama da shekara 1,400, har sai da Conrad Victor Schneider, malamin likitanci a Wittenberg ta ƙasar Jamus, ya nuna a littafinsa na farkon shekarun 1660 cewa tantanin da ya lulluɓe cikin hanci shi ne ke fitar da majina, kuma hujojin ƙashin a cike suke da jijiyoyin jin ƙamshi, ba a buɗe suke ba. Daga nan ne ya zama da ma'ana a ce za a wanke hanci domin hancin kansa.

Gane ciwon ya ɗauki wani lokaci mai tsawo. A shekarar 1819 John Bostock, likita a Landan, ya gabatar wa wata ƙungiyar likitoci bayanin ciwon ido da ƙirji da ke kama shi duk bazarar Turai tun yana yaro, a 1828 kuma ya ƙara da labarin wasu mutum 28 masu irinsa, amma ya ɗora laifin a kan zafin rana, yayin da jama'a suke danganta shi da ingirici, wato busasshiyar ciyawar da ake tarawa domin dabbobi. Charles Blackley, wani likita a Mancesta wanda shi ma yake fama da ciwon, shi ne ya warware zancen da gwaji a jikinsa: ya riƙa sa ƙurar furen tsirrai iri-iri a hancinsa da idonsa da kan fatar da ya karce, ya kuma shafa wa ƙananan gilasai abu mai danƙo yana ƙirga ƙurar da ta maƙale a kowace rana, har ya ɗaura wasu a jikin takardar wasan da ake sakewa a iska da zare domin ya auna abin da ke yawo a sama. Littafinsa na 1873 ya nuna cewa tsananin ciwonsa yana bin yawan ƙurar furen ciyawa a iska. Wannan binciken ne ya ba wanke hanci hujjar da ta fi kowace sauƙin fahimta, domin idan abin da ke ta da ciwon ƙura ce da take sauka a kan tantani, to ruwa zai iya ɗauke ta.

Sai dai kayan wankin sun riga wannan hujja isowa ɗakunan likitocin Turai, kuma wata larura ce dabam ta kawo su. A shekarar 1864 J. L. W. Thudichum, Bajamushe mazaunin Landan wanda daga baya ya yi suna wajen binciken sinadaran ƙwaƙwalwa, ya bayyana a mujallar Lancet wata hanyar wanke hanci da ta dogara da abin da malaman Jamus suka lura da shi, cewa idan mutum yana numfashi ta baki, ɓangaren ganɗa mai laushi da ke can baya yakan ɗaga ya rufe hanyar da ta haɗa hanci da maƙogwaro, sai ruwan da aka zuba ta kafa ɗaya ya kewaya ta bayan bangon da ya raba kafofin biyu ya fito ta ɗayar ba tare da mutum ya ƙware ba. Ana rataye mazubin ruwan sama da kan majinyaci, ruwan ya gangaro ta tiyo da nauyin kansa. Waɗanda suka fi amfana su ne masu wani ciwo da ake kira ozina, inda tantanin hanci ke bushewa ya yi ɓamɓaroki mai wari wanda babu abin da ke ciro shi sai ruwa mai yawa. Ba a daɗe ba likitocin kunne suka fara ƙorafi, kuma D. B. St. John Roosa na birnin New York ya yi gargaɗi a kusan 1870 cewa ruwan da aka tura da ƙarfi yakan bi ta siririyar hanyar da ta haɗa bayan hanci da tsakiyar kunne ya haddasa ciwon kunne mai ruɓa. Wannan gargaɗi ne tushen ƙa'idojin da har yau ake maimaitawa, cewa kada a ɗaga mazubin da yawa, kada a haɗiyi yawu ana cikin wanki, kada kuma a fyace da ƙarfi bayan an gama.

A cikin waɗannan shekaru ne aka sami wani gwaji da ya cancanci a tsaya a kansa, saboda wanda ya yi shi yana cikin manyan masana kimiyyar ƙarninsa. Hermann von Helmholtz, wanda ya ƙirƙiro madubin duba cikin ido, yana fama da murar bazara, kuma da ya duba majinarsa da na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa ya ga wasu halittu masu motsi da ya zaci su ne sanadin ciwon, sai ya riƙa kwanciya rigingine yana ɗura ruwan kwinin a hancinsa domin ya kashe su, ya kuma ce ya sami sauƙi. Masanin magunguna Carl Binz ya wallafa labarin a 1869, kuma wankin kwinin ya yi tashe na wani lokaci. Dalilin da Helmholtz ya bayar kuskure ne, tun da ƙwayar cuta ba ta da hannu a wannan mura, amma ba abin mamaki ba ne idan sauƙin da ya ji na gaske ne, ruwan da ya narkar da kwinin a ciki ne ya yi aikin da ya jingina wa kwinin.

Batun gishiri ya samo asali ne daga ɗakunan binciken yadda jiki ke aiki. Duk wanda tsuran ruwa ya taɓa shigar masa can cikin hanci ya san raɗaɗin da yake yi, kuma dalilinsa shi ne ruwa yakan ratsa fatar ƙwayoyin halittar jiki daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya fi yawa, saboda haka ruwan da babu gishiri yakan shige cikin ƙwayoyin tantanin ya kumbura su, mai gishiri da yawa kuma ya zuƙe nasu ruwan su yanƙwane. A shekarun 1880 Sydney Ringer a Landan ya nuna cewa zuciyar kwaɗo da aka ciro tana ci gaba da bugawa ne kawai idan ruwan da ke ratsa ta yana da gishirai a daidai ma'auni, sannan Hartog Hamburger na ƙasar Holan ya auna yadda jajayen ƙwayoyin jini ke fashewa ko tsukewa a ruwa mai gishiri daban-daban, kuma daga aikinsa ne aka tsayar da kashi 0.9 cikin ɗari, wato giram 9 na gishiri a lita ɗaya, a matsayin ma'aunin da ya yi daidai da ruwan jikin ɗan Adam. Ruwan teku, idan aka kwatanta, yana da kimanin kashi 3.5. Kafin wannan ma'auni ya zauna likitoci sun gwada gauraye iri-iri, kuma wanda ya fi shahara shi ne ruwan Dobell mai ɗauke da boraks da soda da gilisarin da ɗan sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, amma a hankali aka gane cewa wasu daga cikin abubuwan da ake ƙarawa suna cutar da tantanin fiye da yadda suke taimakonsa.

Ƙarni na 20 ya bayyana yadda ciwon ke tashi daki-daki. Clemens von Pirquet, likitan yara a Viyana, ya fito da ra'ayin alaji a 1906, Henry Dale da abokin aikinsa suka nuna aikin sinadarin histamin a 1910, aka kuma samo magungunan da ke toshe shi a Cibiyar Pasteur ta Faris a ƙarshen shekarun 1930. A 1964 masu bincike a Leiden suka gano cewa abin da ke sa ƙurar ɗaki atishawa wani mitsitsin ƙwaro ne da ke rayuwa a katifa da matashi, a 1966 da 1967 kuma Kimishige da Teruko Ishizaka a Amurka, da Johansson da Bennich a Suwidin, suka gano sinadarin garkuwar jiki da aka sa wa suna IgE, wanda yake zaune a kan wasu ƙwayoyin tantani yana jiran ƙurar da ya sani, da zarar ta taɓa shi sai ƙwayoyin su saki histamin. Da feshin hanci na sitiroyid ya shigo a shekarun 1970, wanki ya zama abin da aka ɗan raina, maganin tsofaffi da masu ɓamɓarokin hanci. Abin da ya riƙe shi a asibiti shi ne tiyata, musamman bayan da fiɗar kogunan ƙashin fuska ta cikin hanci da na'urar leƙe, wadda aka ƙware a kanta a birnin Graz na Ostiriya, ta yaɗu a shekarun 1980, domin majinyacin da aka yi wa ita yana bukatar wanke daskararren jini da majina na makonni.

A daidai wannan lokaci binciken tantanin hanci ya ba wankin bayani na biyu bayan na ɗauke ƙura. Saman tantanin cike yake da gashi ƙanana ƙwarai da ake kira siliya, waɗanda ke kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa suna tura majina da duk abin da ya maƙale a cikinta zuwa maƙogwaro, kuma ana auna saurinsu ta hanyar ajiye ɗan ƙwayar sakarin a hanci a jira har mutum ya ji zaƙinta a baki. Majina mai kauri tana rage wannan tafiya, ruwan gishiri kuwa yana tsinka ta, kuma wani bincike da Talbot da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya nuna cewa ruwan da gishirinsa ya zarce na jiki yana ƙara saurin sharar, ko da yake shi ne kuma ya fi yi wa mutane zafi.

Neti na ruwa a siffar da aka san shi yanzu, da ɗan mazubi mai dogon baki kamar ƙaramar butar shayi da ruwan ɗumi mai gishiri, makarantun yoga na ƙarni na 20 ne suka daidaita shi suka yaɗa shi, ciki har da makarantar Bihar da Satyananda Saraswati ya kafa a garin Munger a farkon shekarun 1960, kuma ɗalibansu ne suka kai shi Turai da Amurka. Ya daɗe galibi a hannun masu yoga har zuwa 2007, lokacin da aka nuna shi a shirin talabijin na Oprah Winfrey, sai kantunan magani suka cika da mazubai da robobin matsawa da ƙunshin gishiri aunanne. Hujjar kimiyya ba ta yi gudun kasuwa ba. An yi ƙananan gwaje-gwaje, kamar wanda Garavello da abokansa suka wallafa a Italiya a 2003 a kan yara masu murar ƙurar fure, inda waɗanda aka wanke wa hanci suka rage shan maganin histamin, amma da ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna ingancinsu, ta duba batun a 2018, bincike 14 kawai ta samu masu mutum 747 gaba ɗaya. Hukuncin da ta yanke shi ne wankin yana iya rage tsananin ciwon ga manya da yara har zuwa wata 3 idan aka kwatanta da rashin yin sa, kuma illarsa kaɗan ce, amma hujjar mai rauni ce saboda ƙarancin mutanen da aka gwada da kuma wahalar ɓoye wa mutum cewa an zuba masa ruwa a hanci. Wannan matsakaicin hukunci ya fi dacewa da abin da wankin yake yi, tun da yana rage ƙura da majina da kumburi ne, ba ya sauya halin garkuwar jikin da ke haifar da ciwon, shi ya sa likitoci suke ajiye shi a matsayin ƙari a kan feshi da ƙwayoyi.

Darasin da ya zo a makare shi ne na ruwan kansa. A 1965 likitoci biyu a Ostireliya, Fowler da Carter, suka bayyana wani ciwon ƙwaƙwalwa da wata halitta mai ƙwaya ɗaya ke kawowa, amibar da daga baya aka sa wa suna Naegleria fowleri, wadda ke rayuwa a ruwa mai ɗumi da damshin ƙasa. Shan ruwan da take ciki ba ya cutarwa, amma idan ruwan ya shiga can saman hanci takan bi jijiyoyin jin ƙamshi ta cikin hujojin ƙashin nan da Jalinus ya zaci majina ke saukowa ta ciki, ta isa ƙwaƙwalwa, kuma fiye da kashi 97 cikin ɗari na waɗanda suka kamu ba sa tashi. Ciwon ba shi da yawa ko kaɗan, amma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin a ƙarshen shekarun 1970 masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ciki har da R. V. Lawande, sun ba da rahoton waɗanda suka kamu da shi, sun kuma samo amibar ƙasa a hancin yara a lokacin ƙurar hunturu. A birnin Karaci na Pakistan likitoci sun danganta mace-macen da aka riƙa samu tun daga 2008 da ruwan famfo da na tankuna mai ƙarancin kulorin da ke shiga hanci wajen wanka da alwala, a jihar Louisiana ta Amurka kuma mutum biyu suka mutu a 2011 bayan sun yi neti da ruwan famfo, aka kuma sami amibar a bututun gidajensu. Gishirin da ake zubawa a ma'aunin wanki ba ya kashe ta, saboda haka hukumomin lafiya na Amurka suka fitar da umarnin cewa a yi amfani da ruwan da aka tsabtace a masana'anta domin aikin likita, ko wanda aka tace da matata mai hujin da bai wuce maikiron 1 ba, ko kuma wanda aka bari ya tafasa na minti 1, a wurare masu tudu sama da mita 2,000 kuma minti 3, sannan a bar shi ya huce, a wanke mazubin bayan kowane amfani a bar shi ya bushe.